Wuƙar Kicin Ma Tana Son Gata

  Yau dai mun ajiye zancen lalle da turaren wuta, madafa za mu shiga, a madafar ma kan abin da aka fi rainawa za mu tsaya, wato wuƙa.

Duk wadda ta taɓa zuwa jeren amarya ta san yadda ake yi. Za a ƙirga kumbuna da samiru, a jera tangaran a kabet, a yi ta musu kan inda fulas zai zauna, gwaggonni na cewa nan, ƙawaye na cewa can. Wuƙa kuwa sai dai a jefa ta cikin kwandon ludayi da mara, babu mai ko kallonta. A littattafanmu na soyayya ma labari kan ƙare ne daren da aka kai amarya, an yi guɗa an watse. To amma gari zai waye, kwanakin kawo abinci daga gida za su ƙare, a ranar kuma abin da hannun amarya zai fara nema shi ne abin yanka albasa. Daga ranar har tsufanta, babu wani kayan aiki da za ta riƙe sau da yawa kamar wuƙa.

Akwai wata amarya a unguwarmu, ba zan kama suna ba, yarinya kyakkyawa son kowa ƙin wanda ya rasa, ga ladabi ga iya girki. Wata biyu da tarewarta, ana tsakiyar ruwan Agusta, dangin miji suka zo mata wuni. Ana cikin hira gwaggon mijin ta ciro lemo daga jaka ta ce, "Amarya, miƙo min wuƙa in ɓare wa yaran nan." Aka shiga nema, sai a ƙasan bahon wanke-wanke aka samo ta, tun jiya take cikin ruwa, ta yi jawur da tsatsa, mariƙin yana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa. Gwaggo ta juya ta gaba da baya, ta ajiye a gefen tabarma ta ce, "Bar shi kawai 'yata, sa sha a gida." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Amma dafadukar da yarinyar nan ta ɓata safiya tana yi, cokali bibbiyu aka yi aka rufe, kuma kafin sati ya zagayo zance ya kai kunnen uwar miji cewa amarya ƙazama ce. Wallahi ba ƙazama ba ce, babu dai wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da zan gaya muku yanzu.

Farko ki san wace irin wuƙa ce a hannunki, domin iri biyu ne a gidajenmu kuma halinsu ya bambanta. Akwai baƙar wuƙa ta maƙera, akwai fara mai ƙyalli ta kanti. Ta maƙera ita ce tamu ta gado. Tarihin baka ma cewa ya yi wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama, har garin ya ci sunansa, kin ga ashe ƙira da birnin tare suka tashi. Yanzu an daina haƙar tama don wuƙa, maƙeranmu da tsofaffin ƙarafa suke aiki, kuma sun fi son sifirin mota saboda taurinsa. Irin wannan ƙarfe yana ɗaukar kaifi sosai, yana da sauƙin wasawa, shi ya sa za ki ga mahauta da masu tsire sun riƙe shi. Aibinsa ɗaya, ba ya shiri da ruwa ko kaɗan.

Ita kuwa farar, a garin Shafil na ƙasar Ingila wani mutum mai suna Harry Brearley ya haɗa irin ƙarfenta a shekarar 1913. Ana zuba wa ƙarfen wani sinadari da ake kira kuromiyom, fiye da kashi 10 cikin 100, shi kuma sai ya yi wa saman wuƙar wata siririyar riga da ido ba ya gani, wadda take tare ruwa da iska. Shi ya sa take daɗewa tana ƙyalli. Amma kada wani mai kanti ya rantse miki cewa ba ta tsatsa har abada. Gishiri yana huda rigar nan, haka ma ruwan bilic. Ki bar ta ta kwana cikin ruwan da kika wanke kifi da gishiri, ki ga in ba ta fito da ɗige-ɗige ja kamar ƙyanda ba.

Ita tsatsa abu uku ne suke haɗuwa su haife ta, ƙarfe da ruwa da iska. Wadda ta yi kimiyya a makaranta ta tuna ƙusar da malami yake sawa a kwalba. Ƙarfe dai ba ki da yadda za ki yi da shi, iska ma haka, saboda haka ruwan ne naki. Kakata tana da wata baƙar wuƙa da ta girmi mahaifiyata, wasawa ta cinye ta har ta koma siririya kamar ganyen dawa, amma ban taɓa ganin ja a jikinta ba. In ta ga ɗayanmu ta gama yanka ta jefa wuƙa a baho, sai ta daka tsawa, "Ke 'yar nan, ciro min ita! Wuƙa ba ta kwana da ruwa." Ita da ta gama aiki za ta wanke, ta goge da busasshen tsumma nan take, ta shafa ɗan mai, ta soke ta a inda take ajiyewa. Minti ɗaya bai cika ba. Kifewa a kwando ta tsane da kanta, kamar yadda muke yi wa kwanuka, shi ne yake kashe wuƙa, musamman daga Yuni zuwa Satumba da iska kanta take jiƙe.

To idan aikin gama ya gama, tsatsa ta riga ta hau fa? Kada ki jefar, maganin yana cikin kicin ɗinki. In sama-sama ce, toka ta ishe ki. Ki ɗebi tokar itace ki tankaɗe da rariya don yashi da gawayi su fita, in ba haka ba za su kakkarce miki ita. Ki kwaɓa da ɗan ruwa ta yi kauri kamar ƙullun ƙosai. Ki kwantar da wuƙar a kan katako, bakin yana kallon gaba, ki yanki rabin dankalin Turawa ki dangwali tokar ki riƙa gogawa daga bayan wuƙar zuwa bakinta. Dankalin shi ne zai tsare miki yatsu, kuma ruwansa yana taimakawa. Kada ki taɓa riƙe wuƙa a sama da hannu ɗaya kina dirza da tsumma da ɗaya hannun, yatsu da yawa sun tafi a haka. Wadda ba ta girki da itace, hodar bekin soda tana yin aikin tokar.

In kuwa tsatsar ta kama sosai, sai a kira tsami. Lemon tsami da gishiri, ko ruwan tsamiya mai kauri, irin wanda iyayenmu suke wanke tagulla da shi, ko ruwan khal. Tsami yana narkar da tsatsa, gishirin kuma yana kankarewa. Ki shafa ki bar shi kamar minti goma zuwa sha biyar, ki goge, in da saura ki maimaita. A nan ne mata da yawa suke ɓata aikin: sai su ce bari a jiƙa ta ta kwana don ta fi fita. Tsami bai san tsatsa daban ƙarfe daban ba, in ya gama da ita kan lafiyayyen ƙarfen zai koma, ki wayi gari wuƙa ta yi ramuka bakinta ya zaizaye. Da tsatsa ta fita ki ɗauraye da ruwan da kika jiƙa 'yar kanwa a ciki, domin kanwa tana kashe tsami, kamar yadda take kashe tsamin yakuwa a miya. Sai ki sake ɗaurayewa da ruwa zalla, ki goge ta bushe ƙarau, ki shafa mai a take. Ƙarfen da aka cire wa tsatsa tsirara yake, in kika tafi amsa sallama kika dawo za ki iya tarar da ja ya fara dawowa.

Ina roƙonku da girman Allah ku riƙe wannan: kada a haɗa ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, da lemon tsami ko khal, wai don wanki ya fi ƙarfi. Haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai guba, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu, ga kicin ɗinmu ƙanana, wani ko taga babu. Bilic ma shi kaɗai ba abokin wuƙa ba ne, fara ko baƙa. Ruwan zafi da sabulu sun wadatar.

Wani abin kuma da yake tayar wa amare hankali a banza: ki sayo wuƙar maƙera tana haske, ki yanka albasa da tumatir kwana biyu, sai ki ga ta yi duhu, wani wurin toka-toka, wani wurin shuɗi-shuɗi. Sai yarinya ta ɗauko soson ƙarfe ta yi ta dirza tana neman hasken farko. Ki bar ta haka. Wannan duhun mai santsi ne, ba ya fita a tsumma, kuma yana rage wa jar tsatsa wurin kamawa, har ƙarnin ƙarfen da sabuwar wuƙa take bari a jikin albasa da doya raguwa yake in ya zauna. Wadda za ki yaƙa ita ce ja mai garɗi-garɗi, wadda in kin shafa take bin yatsa. Soson ƙarfen nan ma ki rage shi a kan farar wuƙa, yana karce ta, ɓurɓushinsa kuma yana maƙalewa ya yi tsatsa a kanta.

Yanzu sai maganar mai, kuma nan ne nake so mu daɗe, domin nan ake ganganci da lafiyar iyali. Abin da ake nema da mai shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da damshi. Wuƙar da kike aiki da ita kullum, ɗigon man gyaɗa a tsumma ya isa, tunda gobe za ki wanke ki sake. Amma man gyaɗa in ya daɗe yana yin danƙo yana sauya wari, ki duba bakin galan ɗin da kika daɗe kina zuba shi ki gani. Saboda haka ba shi ne na wuƙar da za a ajiye wata da watanni ba. Manja yana rina mariƙi, man shanu kuma gayyatar kiyashi da ɓera ne. Wanda na fi yarda da shi shi ne man kaɗanya, wanda kakata take amfani da shi, yana da kauri, yana zama a jiki, ba ya saurin lalacewa. Man kwakwa ma yana jurewa. Don ajiya mai tsawo kuwa, basilin fari marar turare yana da kyau, sai dai a wanke shi tas da ruwan zafi da sabulu kafin a yi yanka. A kemis kuma ana sayar da wani farin mai da ake kira likwid farafin, wanda ake sha don taurin bayan gida, ba ya wari ba ya danƙo, ya dace da ƙarfe da katako duka. Ki lura fa, wasu suna kiran kananzir da farafin, ki faɗa wa mai kemis na sha kike nufi.

Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne kananzir, da man birki, da baƙin man da aka juye daga inji ko janareto. Na san maza suna shafa wa adda da fartanya baƙin mai, har wani maigidan ya ce kawo wuƙar taki in shafa mata. Ki ce masa, "Yallaɓai, a bar wa fartanya." Baƙin mai cike yake da dattin ƙarfe da gubar ƙonewa, likitoci sun tabbatar yana cikin abubuwan da suke jawo ciwon daji, kuma in ya shiga katakon mariƙi babu wankin da zai fitar da shi. Man keken ɗinki ki bar wa keke da almakashi, ba a yi shi don abin da zai taɓa abinci ba.

Mu koma kan mariƙi, wanda wasu suke ce wa ƙota. Shi abokan gabarsa biyu ne, damina da hunturu. Katako yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Da damina ya sha ya ƙoshi har ya yi funfuna, da hunturu kuma, lokacin da damshin iska a Kano yake sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ya bushe ya tsage kamar yadda ƙafa take faso. Kumbura da tsukewar nan su suke sa ramin da wutsiyar ƙarfen ta shiga ya buɗe, wuƙa ta fara rawa. Maganinsa dai maganin fason ne. Ki sami kakin zuma a wurin masu sayar da zuma, kashi ɗaya, man kaɗanya kashi uku ko huɗu, ki zuba a gwangwani mai tsabta, ki tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi su narke tare. Kada ki ɗora shi kan wuta kai tsaye, kaki yana kamawa da wuta. In ya huce zai daskare kamar man shafawa. Ki tabbatar mariƙin ya bushe sarai, ki murza masa haɗin nan da yatsa, ki cusa sosai a mahaɗar ƙarfe da katako, ki bari ya kwana, da safe ki goge da tsumma. Sau ɗaya a wata ya isa, da hunturu sau biyu. Ragowar ki shafa wa muciya da ludayin katako da katakon yanka, har ma da dugaduganki.

Idan ya riga ya fara girgiɗi, akwai dabarar da manoma suke yi wa ƙotar fartanya, su jiƙa ta a ruwa ta kumbura ta riƙe. A wuƙa wannan yaudarar kai ce. Za ta riƙe yau, jibi ta bushe ta fi da sakewa, ruwan da ya shige ramin kuma yana can yana cin wutsiyar ƙarfen a ɓoye, wata rana kina tsakiyar yankan kabewa ta ƙarye a hannunki. In mai ƙusoshi ce, ki ɗora kan ƙusar a kan dutse ki ɗan bubbuga ɗaya kan da guduma a hankali, za ta matse. In mai wutsiya ce da aka cusa a rami, ki zare ta, ki kankare tsatsar wutsiyar, ki bar ramin ya bushe, ki kwaɓa gam mai bututu biyu irin Araldite ki cika, ki mayar, in ramin ya yi faɗi ki cusa tsinken itace ya cike, ki bar ta kwana ɗaya cur ba a taɓa ba. Ƙaro ba ya wannan aiki, da ya ji ruwa zai narke. Naɗa tsumma ko robar tayar keke kuma na fita kunyar yini ɗaya ne, domin ƙarƙashinsa jini da ruwan nama suke taruwa. In katakon ya tsage gida biyu, ki aika wa maƙeri ya sa sabo, ki ce a yi miki da itace mai tauri irin marke ko ƙirya ko aduwa, wadda ake sassaƙa allon karatu da ita.

Wannan tsagar ta mariƙi kada ki ɗauke ta maganar kyan gani kawai. Ɗanyen nama, musamman kaza, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da amai da zazzaɓi. Wuta tana kashe su a tukunya, amma waɗanda suka maƙale a tsagar mariƙi suna nan. Ki gyara kaza, ki ɗauraye wuƙa sama-sama, ki yanka latas da kokwamba da ba za su ga wuta ba, dare ya yi yara su kama ciwon ciki a ce mayu ne ko sammu. In da hali ki ware wuƙa biyu, ta nama daban, ta ganye da 'ya'yan itace daban. In ɗaya ce, ki fara yanka ganyen kafin naman, ko ki wanke da ruwan zafi da sabulu har mariƙin. Ƙarnin kifi da warin tafarnuwa kuwa, ɓawon lemon tsami da gishiri yana ɗauke su. Mai mariƙin roba ba ta da wannan wahala sosai, ita dai ki nisanta ta da bakin murhu da risho.

Sai wasawa. Mutane suna tsoron wuƙa mai kaifi, ni kuwa dakusasshiya nake tsoro, musamman mu da muka saba yanka kuɓewa da albasa a tafin hannu. Mai kaifi tana shiga inda kika sa ta. Dakusasshiya sai kin danna da ƙarfi, ta zame daga bayan tumatir ta sauka a babban yatsa da duk ƙarfin da kika sa. Yawancinmu a bakin dakali ko siminti muke gogawa, fes-fes sau huɗu a koma aiki. Yana ba da kaifi na ɗan lokaci, amma yana cin ƙarfe yana barin baki kamar zarto. In kina da dutsen wasawa, madalla, ki jiƙa shi da ruwa. In babu, ɗauko kofin tangaran ko faranti daga cikin na jeren nan ki kife shi. Za ki ga wani zobe a gindinsa mai kaushi wanda ba a yi masa ƙyalli ba, wannan zoben ya fi ƙarfen wuƙa tauri. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma don kada kofin ya zame, ki ɗiga ruwa a zoben, ki ja wuƙar a kai tun daga gindi har tsini.

Sirrin yana wurin karkatawa. Ƙannena masu lissafi, ku ɗauki kusurwar takarda, digiri 90 ke nan, ku ninka biyu ta zama 45, ku sake ninkawa ta zama 22 da rabi. To ƙasa da wannan kaɗan ake so, tsakanin 15 da 20. Wadda lissafi bai dame ta ba, ta ɗaga bayan faffaɗar wuƙa kamar kaurin kwalin ashana. Ki riƙe hannunki a haka kada ya riƙa hawa da sauka, ki ja sau goma a gefe ɗaya, ki juya ki ja sau goma. Za ki ga baƙin layi a zoben, ƙarfen ne yake fita. In kika shafa yatsa a hankali daga bayan wuƙa zuwa bakinta kika ji wani ɗan leɓe yana kama fata, wasawa ta kai. Leɓen nan ake cirewa a ƙarshe, kamar yadda kike ganin wanzami yana goga aska a fata. Bayan tsohon bel na fata ko kwali ya isa, sai dai a nan baya-baya ake ja, bayan wuƙar ne a gaba. Gwaji kuma a jikin nunannen tumatir ake yi ko takarda, kada ki bi bakin da yatsa.

Masu wasa wuƙa da inji suna da amfani in baki ya ɓalle ko ya lanƙwashe, amma ki tsaya a kansa ko ki sa yaro ya tsaya. Ki ce, "Malam, don Allah a riƙa tsoma ta a ruwa." Dalili shi ne, taurin wuƙa daga wuta maƙeri ya ba ta shi, ya gasa ta ta yi ja ya tsoma a ruwa ko mai, kuma zafi ne yake ƙwace shi. In kika ga bakin ya koma shuɗi a kan injin, wurin ya saki ke nan, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi. Haka wadda take sa wuƙa a wuta don ta yanke roba ko ta huda galan, da hannunta ta kashe ta.

Sauran masu kashe baki kin san su, kullum muna yi: buɗe gwangwanin tumatir da tsinin wuƙa, sara ƙashi, fasa kwakwa, ɓamɓare naman da ya daskare a firji, kankare ƙanzo a gindin tukunya, yanka a kan tire ko farantin silba. Ki sami ɗan katako na yanka, ki kuma ware wata tsohuwar wuƙa ta wahala don irin waɗannan.

Babbar Sallah ita ce ranar da wuƙar gida take ganin tasku. Addini ya yi umarni a wasa wuƙa sosai kafin yanka don a hutar da dabba, kuma kada a wasa a gabanta, to ki tuna wa maigida tun ana jibi Sallah ya fito da ita a duba. Bayan an gama aikin nama kuma, jini yana da gishiri, yana cin ƙarfe da sauri. A wanke da ruwan zafi, a busar, a shafe da basilin, a naɗe a takarda. Kada a mayar da ita kuben fata ta shekara a ciki. Fata tana riƙe damshi, kuma bagaruwar da majema suke jima da ita tana taɓa ƙarfe ta baƙanta shi. Kube na fita ne, a ajiye shi a gefe. Na kicin kuma ki yi musu kube da kwali ki liƙe, ki sa su a sama inda hannun yaro ba ya kai, kada a zuba su tsirara cikin cokula inda mai laluben cokali zai damƙi baki.

In tsautsayi ya faɗa aka yanke, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta kamar minti goma ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba toka ko ƙasa ko kananzir ko man birki, kada a naɗa yanar gizo-gizo. Ciwon sarƙe-haƙora da ake cewa tsatsa ce take kawo shi, ƙwayar cutarsa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, wuƙa mai tsatsa da ta yi ta yawo a tsakar gida tana kwaso ta ne kawai, saboda haka zuba ƙasa a ciwo kai cutar ne har gida. In yankan ya yi zurfi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko yatsan ya ƙi motsi, a tafi asibiti a ranar. A gaya musu yaushe rabon mai ciwon da allurar sarƙe-haƙora, domin in ciwon mai datti ne kuma an haura shekara biyar, sukan sake yin ta. Masu juna biyu kuma ita ce allurar da ake yi muku a wurin awo, kada ku tsallake ta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, inda za mu duba yadda ake fitar da baƙin gindin tukunya ba tare da an huda ta ba. Ku huta lafiya.